Ɓerayen Faransa da waken Samaru: Yadda ɗalibin Getso zai gane binciken gaske a wayarsa

Akwai wani hoto da ya daɗe yana yawo a wayoyin mutane. Fararen ɓeraye ne an riƙe su a hannu, kowanne da ƙaton ƙari a jikinsa. Yawanci yakan zo da gargaɗin cewa wannan shi ne abin da sabon iri ke yi wa cikin ɗan Adam, a taimaka a tura wa 'yan'uwa. Duk lokacin da aka tayar da maganar irin shuka da aka sauya wa ƙwayar halitta, sai ya sake kunno kai.

A Getso da ke Ƙaramar Hukumar Gwarzo, yammacin Jihar Kano, irin wannan saƙo ya wuce hirar majalisa. Gari ne na manoman gero da dawa da masara da gyaɗa da wake. Daga gidajen manoman nan ne kuma yara ke fita neman ilimi: wasu su bi titin Gwarzo har sabon mazaunin Jami'ar Bayero, wasu su tsaya a makarantar kimiyya da fasaha ta gwamnatin tarayya da ke Kabo, wasu su nufi Kwalejin Noma ta Audu Bako a Dambatta, wasu makarantun koyon aikin lafiya. A shekarar ƙarshe kowa sai ya rubuta kundin bincike, babi biyar, kuma babi na biyu shi ne inda ake tattaro abin da masana suka riga suka gano. Galibi kayan aikin ba su wuce waya da 'yar data da caji ba.

A ɗauka ɗalibin da aka ba wa maudu'i kan noman wake ya dawo gida hutu. Masu jarrabawa biyu ne ke jiran sa. Akwai malamin da zai duba kundin ya ba da maki. Akwai kuma Baba, wanda ya ga hoton ɓerayen, yake so ɗan da ya kashe wa kuɗin makaranta ya faɗa masa ko ya shuka sabon waken ko ya bari. Idan aka yi wa Malam kuskure, maki ne zai ragu. Na Baba kuwa damina ce guda.

Bin sawun hoton

Hoton yana da asali, kuma ba a ɓoye yake ba. A watan Satumban 2012 wata mujallar kimiyya mai suna Food and Chemical Toxicology ta buga binciken Farfesa Gilles-Éric Séralini na Jami'ar Caen da ke Faransa. Shi da abokan aikinsa sun yi shekara biyu suna kiwon ɓeraye 200. Wasu an ciyar da su masarar NK603 ta kamfanin Monsanto, wadda aka sauya wa halitta don ta jure maganin ciyawa na Roundup, wasu an sa musu maganin a ruwan sha, wasu kuma an bar su a kan abincin da babu ko ɗaya don a kwatanta. Masu binciken suka ce waɗanda suka ci masarar sun fi yin ƙari, sun kuma fi saurin mutuwa. Labari ya zaga duniya. Kafin shekarar ta ƙare Kenya ta hana shigo da irin wannan abinci, sai a 2022 gwamnatin ƙasar ta sanar da ɗage haramcin.

Ɗalibin da ya tsaya a nan zai rubuta cewa "bincike ya tabbatar". Wanda ya ƙara minti goma yana nema zai ci karo da sauran labarin.

Ɓerayen da aka yi amfani da su, nau'in Sprague-Dawley, an san su da yin ƙari da kansu idan suka tsufa, ko me suka ci, kuma shekara biyu tsufa ne tukuf a wajen ɓera. An kasa su goma-goma a kowane rukuni, alhali ƙa'idar gwajin ciwon daji tana neman hamsin maza, hamsin mata. Ɓerayen da ba su ci masarar ba su ma wasu sun yi ƙari, amma ba hotonsu aka nuna wa duniya ba. Kowane manomi zai gane matsalar: mutum ya shuka rami goma a gefen gona, uku su ƙi fitowa, ya yanke wa irin hukunci bai duba ƙasar ba, bai duba tururuwa ba.

Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta duba aikin ta ce bai cika sharuɗɗa ba. A watan Nuwamban 2013 mujallar ta janye shi. Editan bai zargi kowa da ƙarya ba, cewa ya yi alƙaluman ba su isa a gina hukunci a kansu ba. A 2014 wata mujallar daban ta sake buga shi, shi ya sa har yau ake samun sa a intanet kamar babu abin da ya faru. Daga baya Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani gwajin na shekara biyu da wannan masarar, da ɓeraye hamsin-hamsin, ba a ga illar da aka ambata ba.

Sai kuma abin da ya fi shafar Baba: binciken nan kan masara aka yi, masarar ma mai jure maganin ciyawa. Babu ƙwayar wake ko ɗaya a cikinsa. Ko da ya tsaya da ƙafafunsa, bai ce komai ba kan waken da ake sayarwa a Kano.

Kowa da inda ya dosa

Waken da ake taƙaddama a kansa shi ne SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta fitar. Hukumar NBMA mai kula da irin waɗannan tsirrai ta amince da shi a farkon 2019, aka yi masa rajista a watan Disamba na shekarar. An sa masa wata ƙwayar halitta daga wata ƙwayar bakteriya da ke rayuwa a ƙasa, wadda ke kashe tsutsar da ke cin fure da kwanson wake. Masu shi sun ce maimakon feshi shida zuwa takwas a damina, biyu sun wadatar.

Wannan ma magana ce da za a tambayi wanda ya faɗe ta. An yi aikin ne tare da gidauniyar AATF da ke Nairobi da cibiyar CSIRO ta Ostireliya, da tallafin kuɗi daga Amurka, ƙwayar halittar kuma daga Monsanto ta fito. A ɗaya gefen akwai ƙungiyoyi irin su HOMEF ta Nnimmo Bassey da suka daɗe suna adawa, har Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da shigo da sabbin irin a 2024 kafin a yi bincike. Takardar da AATF ta buga don tallata waken da takardar da HOMEF ta buga don sukar sa duk suna da amfani ga ɗalibi, amma a matsayin abin da kowane ɓangare ke cewa. Hujjar da za a jingina kundi a kanta ita ce rahoton gwajin gona: a ina aka shuka, shekara nawa, gonaki nawa, da wane wake aka kwatanta, kilo nawa aka girbe.

Wani lokaci kuma manyan hukumomi ma kan saɓa wa juna. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sinadarin da ke cikin Roundup a jerin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo ciwon daji, ita kuwa hukumar abinci ta Turai ta ce da wuya. Ɗalibi na ƙwarai zai kawo duka biyun, ya bayyana cewa ɗaya tana tambaya ne ko abu zai iya cutarwa ko ta wane hali, ɗayar tana tambayar ko yana cutarwa a adadin da mutane ke haɗuwa da shi. Wanda ya ɗauki wanda ya yi masa daɗi ya ɓoye ɗayan, ko maganar da ya ɗauka gaskiya ce, ya ha'inci mai karatu.

Shakkar Kano tana da tushe

Masu yi wa mutanen karkara dariya kan ƙin yarda da likitocin Turai suna mantawa da 1996. A shekarar, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani tsohon magani. Goma sha ɗaya sun rasu, wasu sun nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Jaridar Washington Post ce ta fallasa lamarin a ƙarshen 2000, kuma a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

Shekara bakwai bayan gwajin, a 2003, Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna saboda zargin cewa an sa masa abin hana haihuwa. An kwashe wata da watanni ana gwaje-gwaje da jayayya, har aka dawo da rigakafin a ƙarshen watan Yulin 2004 da wanda aka sayo daga Indunisiya. A tsakanin nan cutar ta bazu daga Najeriya zuwa ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita. Sai a watan Yulin 2014 aka ga yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a Kano, a Sumaila, kuma sai a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta kuɓuta daga ainihin ƙwayar cutar.

Labaran biyu a gari ɗaya suka faru, kuma ɗaya ne ya ciyar da ɗaya. Na farko zargi ne da takardu da shaidu da kotu suka bi bayansa. Na biyu zargi ne da shekaru ashirin na haihuwa a Kano ba su gaskata ba. Ɗalibin aikin lafiya da ke rubutu kan ƙin karɓar rigakafi a Gwarzo ko Kabo yana buƙatar su duka, kuma yana buƙatar ya nuna abin da ya raba su, wato hujjar da kowanne ya zo da ita da aka nemi a gani.

Ilimin da aka riga aka sani

Abin mamaki shi ne yawancin ɗaliban nan sun san wannan fanni tun kafin su shiga jami'a, sai dai ba su haɗa shi da boko ba. Duk wanda ya zauna a Islamiyya ko zauren malam ya ji ana maganar isnadi: wa ya ji daga wa, shin sun ma haɗu, shin mai ruwayar an san shi da gaskiya da kiyayewa, shin maganarsa ta saɓa wa ta waɗanda suka fi shi. Malaman hadisi irin su Imamu Bukhari, fiye da shekara dubu da ɗari da suka wuce, sun gina fanni sukutum kan tantance masu ruwaya, suka rarraba abin da ya inganta da mai rauni da ƙirƙirarre. Yaron da ba zai yarda a jingina wa Manzon Allah (SAW) magana ba isnadi ba, shi ne zai kwafi "masana kimiyya sun gano" daga Facebook ya zuba a babi na biyu.

Tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Wa ya yi binciken, a wace cibiya yake, fanninsa ne? Likitan ƙashi da ke magana kan irin shuka ra'ayinsa yake faɗa, kamar kowa. A ina aka buga, yaushe? Wanda ya ba da labarin ya karanta ainihin takardar, ko shi ma ji ya yi? Shafin labarai da ya ɗauko daga wata jarida da ta ɗauko daga sanarwar wata jami'a isnadi ne mai tsawo, kuma a kowace gaɓa wani abu kan faɗi. Yawanci abin da ke faɗuwa shi ne "mai yiwuwa" da "a jikin ɓeraye".

Inda kwatancen ya tsaya shi ne nan: a kimiyya amanar mai ruwaya ba ta rufe magana. Farfesa mai gaskiya yana iya yin gwaji ya samu sakamakon da ya zo bisa dace. Sai wasu, a wani wuri, sun maimaita sun samu irinsa, maganar ke fara zama.

Mujalla ma suna ta tara

Malamai kan ce a kawo "mujalla", ɗalibai kuma su ɗauka duk abin da ke da lamba da juzu'i da sunan Turanci mai tsawo ya wadatar. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya gwada wannan. Ya ƙirƙiri takardar bincike kan wani sinadari da wai ke hana ƙwayoyin ciwon daji girma, ya cika ta da kura-kuran da duk mai ilimin fannin zai gani, ya aika wa mujallu 304 da ke karɓar kuɗi kafin su buga. Guda 157 suka karɓa, 98 suka ƙi. Mujallar Science ce ta buga sakamakon a watan Oktoba na shekarar. Sunayen marubuta da cibiyoyin da ya ƙirƙira na Afirka ne, don kada a yi mamaki idan an neme su a intanet ba a samu ba. Wannan kaɗai abin takaici ne na daban.

Mujallar gaske kan aika takarda ga masana biyu ko uku su tsefe ta, su mayar wa marubuci ya gyara, abin da kan ci watanni. Ta bogi tana alƙawarin bugawa cikin kwana uku ko mako guda, tana buga noma da lissafi da shari'a da haƙori a fitowa ɗaya, adireshinta na Landan ko Amurka amma asusun da za a tura kuɗi yana wata ƙasar. A ƙasan shafin farko na takarda akan rubuta ranar da aka karɓe ta da ranar da aka amince da ita. Idan kwana huɗu ne tsakani, babu wanda ya karanta.

Wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tara sunayen irin waɗannan mujallu har ya rufe shafinsa a watan Janairun 2017. Yanzu hanya mafi sauƙi ita ce a duba ta ɗaya gefen, wato wuraren da ke tace mujallu kafin su karɓe su. Akwai DOAJ da aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, wadda ta tsaurara sharuɗɗanta bayan abin kunyar Bohannon, ta cire dubban mujallu a 2016. Akwai PubMed don harkar lafiya. Akwai AJOL da ke tattara mujallun Afirka tun 1998, inda za a samu har mujallar kimiyya ta Jami'ar Bayero, BAJOPAS. Duk ana buɗe su a waya. Google Scholar yana da amfani wajen nema, amma shi tsintsiya ce, yana sharo mai kyau da marar kyau tare.

Kasancewar mujalla ta gida ba aibi ba ne. Kan ƙudujin da ke cin dawa a ƙasar Kano, ko ruwan rijiyoyin yammacin jihar, mai yiwuwa abin da aka rubuta a Zariya ko Kano ya fi na ko'ina kusa da gaskiyar wurin. Haka kuma babban suna ba ya hana kuskure: mujallar The Lancet ta janye wani babban bincike kan maganin korona a watan Yunin 2020, makonni biyu bayan buga shi, da aka kasa ganin alƙaluman da aka ce an tattara. A 2023 kaɗai an janye takardu sama da 10,000 a duniya. Shafin Retraction Watch yana da rumbun waɗanda aka janye, kuma duba sunan takarda a ciki ba ya cin data mai yawa.

Zogale a faranti, zogale a jiki

Babu maudu'in da ɗaliban kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje ke so kamar ganyen gida: zogale, darbejiya, sabara, marke. A daka, a jiƙa a sinadari, a ɗiga a farantin da aka shuka ƙwayoyin cuta, a auna da'irar da ta kashe. Aiki ne mai kyau, kuma gaskiya ne da yawa daga ganyayyakin nan suna kashe ƙwayoyin cuta a faranti. Gishiri ma yana kashewa, haka omo. Matsalar tana farawa ne a babi na biyar, inda faranti ke rikiɗa ya zama "zogale yana maganin taifod", daga nan kuma wani mai magani a kasuwa ya ɗauka da lasifika ya ce jami'a ta tabbatar.

Tsakanin faranti da majinyaci akwai tafiya mai nisa. Sai an ga ko abin yana tsira daga ruwan ciki, ko yana isa jini da yawan da zai yi aiki, ko yawan nan ba ya taɓa hanta da ƙoda. Sai a gwada a dabbobi, sannan a mutane kaɗan, sannan a mutane da yawa da aka kasa biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu su sha maganin wasu su sha abin da ya yi kama da shi.

Wannan ba raina maganin gargajiya ba ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa yau a asibitocin Najeriya ya samo asali daga wani ganye ɗan'uwan tazargade, wanda wata masaniya 'yar China, Tu Youyou, ta fitar da sinadarinsa a farkon shekarun 1970, ta samu kyautar Nobel a 2015. Ya bi duk matakan nan ne kafin ya zama ƙwaya. Shi kuwa ruwan ganyen da Madagaska ta tallata a 2020 a matsayin maganin korona, daga wannan tsiron aka yi shi, amma da cibiyar NIPRD ta Abuja ta bincika ba ta samu hujjar yana warkar da cutar ba. Saboda haka idan ɗalibi ya samu takarda, ya fara duba sashen da ke bayanin yadda aka yi aikin: faranti ne, ɓera ne, ko mutum, kuma guda nawa.

Alƙaluma na tsufa

Kusan kowane kundi kan yankin yana buɗewa da bayanin wuri, a ce Ƙaramar Hukumar Gwarzo tana da mutum dubu 180 da ɗoriya. Adadin na ƙidayar 2006 ne, kuma ita ce ta ƙarshe da Najeriya ta yi, tunda an ɗage wadda aka shirya a 2023. Jaririn da aka ƙirga a Getso a lokacin shi ne yau ke rubuta kundin. Ba laifi a yi amfani da adadin, laifin shi ne a rubuta shi ba shekara, ko a raba yawan masu cuta na bana da yawan mutanen wancan lokaci.

Ga alƙaluman cututtuka, irin mashaƙon da ya addabi Kano daga ƙarshen 2022, hukumar NCDC tana fitar da rahotanni a shafinta, kuma tana bambanta waɗanda ake zargi da waɗanda aka tabbatar, bambancin da kanun labarai kan haɗiye. Ga ruwan sama akwai hasashen da NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara. Wikipedia, ta Hausa ko ta Turanci, wurin fara tafiya ce: a gangara ƙasan shafin a bi madogaran da aka lissafa.

Wanda ya kai shekarun tunawa da watan Agustan 2014 ya san abin da saƙo marar asali ke iya yi. Cikin dare ɗaya wayoyi suka ɗauka cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha don kariya daga Ebola. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu da dama aka kwantar da su a asibiti. Waɗanda suka tashi 'yan'uwansu da asuba don su ba su ruwan gishirin ƙauna ce ta sa su.

Madogarar da ba a taɓa rubutawa ba

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 aka samu sabuwar matsala. Irin waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira sun iya bayani, suna kuma taimaka wa wanda Turanci ke ba shi wahala ya fahimci takarda mai tsauri. Amma idan aka ce su kawo madogara, sukan haɗa sunan masanin gaske da sunan mujallar gaske da taken binciken da babu shi a duniya, har da shekara da lambar shafi. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'i shida da manhajar ta ƙirƙira. Gwajin mai sauƙi ne: a kwafi taken a sa a Google Scholar, ko a ɗauki lambar DOI, wadda ke farawa da 10, a sa a shafin doi.org. Idan takardar ba ta buɗe ba, ko wata daban ta buɗe, a goge ta.

Tsohuwar matsalar kuma tana nan: shafukan da ke sayar da kundi kammalalle, babi na ɗaya zuwa na biyar, da shagunan kwamfuta da ke canja sunan gari. A haka ake samun kundin da ke cewa an yi bincike a Getso amma yana maganar noman rogo da koko da ruwan sama na wata tara. Laifin ba na ɗalibi kaɗai ba ne. Malamin da aka jibga wa ɗalibai da yawa ba zai iya bin kowace madogara ba, kuma da yawa daga makarantu sai a zangon ƙarshe suke koyar da dabarun bincike, lokacin da aka riga aka raba maudu'i.

Amma ɗalibin Getso yana da abin da babu shafin da zai sayar masa. Tambayar Baba tana da amsa a kusa. Samaru tana Zariya, cibiyar IITA tana da reshe a Kano, Jami'ar Bayero tana da cibiyar binciken noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, hukumar KNARDA kuma tana da malaman gona. Idan akwai manoman da suka shuka sabon waken a Gwarzo ko Kabo ko Ƙaraye, ana iya zama da su a tambaye su sau nawa suka yi feshi, nawa suka kashe, buhu nawa suka samu, a tambayi maƙwabtansu da suka shuka na gida tambayoyin nan dai, a rubuta adadin mutanen da aka tambaya da yadda aka zaɓo su. Idan kuma Baba ya yarda ya ba da kunya goma a gefen gona, rabi sabon iri rabi tsohon, a shuka rana ɗaya, a yi musu feshi iri ɗaya, a auna da kwano ɗaya ranar girbi.